GORON ƊAN JARIDA: KYAUTA CE KO TOSHIYAR BAKI?

Duk wanda ya taɓa halartar taron manema labarai, ko bikin buɗe wata rijiyar burtsatse, ko gangamin jam'iyya a ƙasar nan, ya san abin da kan biyo bayan addu'ar rufe taro. Manyan baƙi su shige motocinsu su yi gaba, 'yan jarida kuwa su yi cirko-cirko a gindin bishiya suna jiran jami'in hulɗa da jama'a ya fito da 'yar jakarsa. Idan ya fito sai a rubuta sunaye, a miƙa wa kowa ambulan. Wani ya kira abin na goro, wani ya ce kuɗin mota ne, wani ya ce na mai. Babu mai cewa cin hanci ne, daga mai bayarwa har mai karɓa.

Tambayar da nake so mu tattauna a kanta, ya ku 'yan'uwana ma'abota alƙalami, ita ce: mene ne matsayin wannan ambulan? Idan laifi ne, a wuyan wa yake? Kuma shin yunwa tana wanke wanda ya karɓa, musamman ma idan mai gidan jaridar da yake wa aiki ya shafe watanni bai biya shi albashi ba? Masana halayyar zaman jama'a sun daɗe suna bincike a kan wannan al'amari a ƙasashe daban-daban, kuma abin da suka gano zai taimaka mana wajen yin hukuncin da babu son rai a cikinsa.

Da farko dai mu san cewa cutar ba tamu ce mu kaɗai ba. Wani malamin aikin jarida ɗan ƙasar Norwe, Terje Skjerdal, ya tattara binciken da aka yi a kan wannan ɗabi'a a Afirka, ya buga a shekarar 1910 da ɗari, wato 2010, inda ya nuna kusan kowace ƙasa da sunan da take sakaya abin da shi. A Gana suna cewa soli, a Kamaru gombo, wato kuɓewa mai sa tuwo ya wuce, a Tanzaniya kuma mshiko. Abin lura a nan shi ne, ko'ina sai an yi wa abin laƙabi. Ai kuwa abin da yake halal ba ya bukatar a sakaya sunansa. Ba mu taɓa jin ma'aikaci ya kira albashinsa kuɓewa ba.

HUJJAR MASU CEWA KYAUTA CE

Masu kare ambulan suna da hujja, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba tare da an saurare ta ba. Cewa suke yi mu mutane ne masu al'adar kyauta. Baƙo ya zo gidanka, ka ba shi ruwa, ka ba shi goro, in zai tafi ka yi masa rakiya da ɗan hasafi. Mayar da hannun kyauta baya ma abin kunya ne a wurin Bahaushe. Don me za a ɗauko ma'aunin Turawa a ɗora wa al'adarmu? Kuma suna ƙarawa da cewa, 'yan kuɗin da ke cikin ambulan ba su taka kara sun karya ba, balle a ce za su sayi imanin mutum.

Wani masani Bafaranshe mai suna Marcel Mauss ya rubuta littafi sukutum a kan kyauta a shekarar 1925, bayan ya nazarci al'adun al'ummomi da yawa. Abin da ya gano shi ne, a ko'ina kyauta tana tafe da igiya uku: wajibcin bayarwa, da wajibcin karɓa, da wajibcin ramawa. Wanda ya karɓa ya ci bashi, ko da ba a rubuta ba. Bahaushe bai jira Mauss ba kafin ya san haka, shi ya sa ya ce yaba kyauta tukwici, ya kuma ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Saboda haka hujjar al'ada, idan aka bi ta a hankali, kan mai ita take komawa. Tun da muna da al'adar kyauta mai ƙarfi, to muna da al'adar ramawa mai ƙarfi. Ɗan jarida kuwa da me zai rama wa kwamishina? Ba shi da raƙumi, ba shi da gona. Abin da yake da shi alƙalami ne.

Maganar ƙanƙantar kuɗin ma an gwada ta, ko da yake ba a kan 'yan jarida ba. A shekarar 2016 wasu masu bincike a Amurka suka duba bayanan likitoci kusan 280,000, suka tarar likitan da kamfanin magani ya saya wa abinci sau ɗaya tak, abincin da yawanci bai kai na dala 20 ba, ya fi sauran likitoci yawan rubuta wa marasa lafiya maganin wannan kamfani. Likitan Amurka ba mayunwaci ba ne, kuma da za ka tambaye shi zai rantse cewa farantin abinci ba zai juya masa tunani ba. Ƙaramar kyauta ba ta sayen mutum gaba ɗaya, amma tana sa masa jin nauyi, jin nauyi kuwa ya isa ya tanƙwara alƙalami.

Addininmu ya riga ya ba mu ma'auni a nan. Malamai suna kawo labarin wani sahabi, Ibnul Lutbiyya, wanda Manzon Allah (SAW) ya aika karɓar zakka. Da ya dawo sai ya ware wani kaso ya ce wannan kyauta aka yi masa. Manzon Allah ya hau mumbari ya nuna rashin yardarsa, ya kuma yi nuni da cewa da mutumin ya zauna a gidan iyayensa, da ya gani ko wani zai kawo masa kyautar. Haka kuma Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa karɓar gaisuwa cikin al'adun mulkin zalunci da ya yi yaƙi da su. To sai ɗan jarida ya tambayi kansa: ran da na ajiye aikin nan, kwamishinan zai ci gaba da aiko mini da na goro? Idan amsar a'a ce, to kujerar aka bai wa, kujerar kuwa amanar jama'a ce.

MAROƘI DA ƊAN JARIDA

Akwai wata sana'a a ƙasar Hausa wadda karɓar kyauta a cikinta ba abin zargi ba ne, ita ce roƙo. M. G. Smith, wanda ya yi dogon bincike a ƙasar Zazzau, ya buga nazari a kan maroƙa a shekarar 1957. Ya nuna yadda maroƙi ke wasa ubangidansa, ya ambaci asalinsa da bajintarsa, a yi masa kyauta a bainar jama'a, sanƙira ya yi shelar abin da aka bayar. Wanda ya hana kuma a yi masa zambo har sai ya saki hannu.

Maroƙi bai yaudari kowa ba. Duk wanda ya ji yana wasa basarake ya san an ba shi riga da doki, saboda haka ya san irin awon da zai yi wa maganar. Ɗan jarida kuwa yana zuwa wa jama'a ne a matsayin mai ba da shaida: na je, na gani, ga abin da ya faru. Da wannan alkawari ne ake sauraron sa. Idan ya karɓi ladan maroƙi a ɓoye, sannan ya fito da rigar mai shaida, to ya haɗa sana'a biyu, ya ci amfanin kowace, ya guje wa sharaɗin kowace. A nan ha'incin yake. A ganina maroƙin da ya karɓi kujerar Makka a gaban dubban mutane ya fi gaskiya a kan wakilin da ya soke naira dubu biyar a aljihu a bayan zaure.

ME AKE SAYE DA AMBULAN?

Sau da yawa ɗan jarida kan kare kansa da cewa shi dai bai taɓa rubuta ƙarya ba. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Sai dai Hausa ta fi shi sanin abin da ake saye, domin sunan da ta ba abin shi ne toshiyar baki. Mai ba da ambulan ba ya bukatar ka ƙaga masa komai. Ya ishe shi ka rubuta cewa an buɗe asibiti, wanda gaskiya ne, ka manta da cewa babu likita a ciki, wanda shi ma gaskiya ne.

Babu inda aka ga farashin wannan shiru ƙarara kamar ƙasar Peru ta Kudancin Amurka. A zamanin mulkin Shugaba Fujimori, daga 1990 zuwa 2000, shugaban leƙen asirinsa, Montesinos, ya riƙa sayen alƙalai da 'yan majalisa da masu gidajen talabijin. Mutumin yana da wata ɗabi'a mai ban mamaki: yakan sa a sa hannu a takardar shaidar karɓa, ya kuma ɗauki hoton bidiyo a asirce. Da asirinsa ya tonu, sai wasu masana tattalin arziki biyu, John McMillan da Pablo Zoido, suka bi takardun ɗaya bayan ɗaya, suka buga sakamakon a 2004. Sun tarar abin da ake ba mai gidan talabijin ya ninka na ɗan siyasa kusan sau 100. Wato ɓarawon da ya fi kowa sanin kasuwar ya nuna da kuɗinsa cewa bakin 'yan jarida ya fi hukuncin alƙali da ƙuri'ar ɗan majalisa tsada. Kuma lissafinsa daidai ne, domin wata 'yar ƙaramar tasha da bai saya ba, Canal N, ita ce ta nuna bidiyonsa a watan Satumba na 2000 yana ƙirga wa wani ɗan majalisa dala 15,000 don ya sauya sheƙa. Kafin ƙarshen Nuwamba Fujimori ya tsere Japan, daga can ya aiko da takardar murabus.

Wani abin tsoro kuma shi ne, shirun ba ya bukatar umarni. Warren Breed ya tattauna da 'yan jarida kimanin 120 a Amurka, ya buga bincikensa a 1955. Ya gano cewa ba a zaunar da sabon ma'aikaci a ce masa kada ka taɓa wane. Shi da kansa yake koya, ta hanyar lura da labarin da edita ya yanke, da wanda aka yaba, da wanda aka tura shafi na ƙarshe. A hankali sai ya daina kawo abin da ya san ba za a so ba, daga baya ma ya daina ganinsa. Haka ambulan yake aiki. Ba ranar farko yake toshe baki ba, amma bayan shekara biyar sai ka tarar wakili ya zama ɗan gida a ma'aikatar da aka tura shi ya sa wa ido.

WA YAKE BIYAN KUƊIN?

Idan aka yi ciniki tsakanin mai bayarwa da mai karɓa, kowa ya tafi yana murna, sai a ɗauka babu wanda aka cuta. Akwai shi, sai dai ba ya wurin. Amartya Sen, masanin tattalin arzikin nan na Indiya da ya sami kyautar Nobel a 1998, ya yi fice da lura da cewa ba a taɓa yin babbar yunwa mai halaka jama'a a ƙasar da ke da zaɓe na gaskiya da 'yancin jarida ba, domin gwamnatin da ake fallasawa ba ta iya yin barci har mutane su fara mutuwa. Wasu masana biyu, Besley da Burgess, suka gwada wannan magana da alƙaluman jihohi 16 na Indiya daga 1958 zuwa 1992. Suka tarar idan amfanin gona ya lalace ko aka yi ambaliya, jihohin da aka fi karanta jarida su ne gwamnatocinsu suka fi gaggawar raba abinci da kai agaji. Kuma jaridun da suka fi yin wannan tasiri su ne masu fita da harsunan gida. Wannan batu ya kamata ya tsaya a ran duk mai rubutu da Hausa.

Hatta masu zuba jari sun san darajar wannan ido. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2020 ya nuna cewa idan jaridar wani gari ta mutu, kuɗin ruwan da hukumar garin take biya in ta ci bashi yakan ƙaru, saboda masu ba da rance sun san yanzu babu mai leƙa littafin kuɗinta. Ƙarin kuma daga harajin talakawan garin zai fito. Ashe dai shirun ɗan jarida yana da mai biya: manomin da takinsa ya ɓace a hanya, da mai naƙudar da aka kai asibitin da babu likita, da ɗalibin da ke zaune a ƙasa a ajin da takarda ta ce an sayo masa kujeru.

UZURIN YUNWA

Yanzu sai mu juyo ga ɗaya ɓangaren, domin adalci bai yarda a saurari mai ƙara a ƙyale wanda ake ƙara ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sanannen abu ne cewa a ƙasar nan akwai gidajen jaridu da na rediyo da kan shafe watanni ba su biya ma'aikatansu ba, har ƙungiyar 'yan jarida ta ƙasa, NUJ, wadda aka kafa tun 1955, ta sha yin zaman dirshan a ƙofar wasunsu. Akwai wakilan da ba su da albashi sam, katin shaida kawai aka ba su, aka bar su su nemi abinci da shi. A 1998 an taru a Ilori an amince da ƙa'idojin aikin jarida, waɗanda suka hana nema ko karɓar toshiya. Ƙa'ida ce mai kyau, amma ba a cefane da ita.

Mai gidan jaridar da ya hana albashi, alhali ya san yadda yaransa ke ci, ya fi su laifi nesa ba kusa ba. Ya saɓa wa umarnin Manzon Allah na a biya ɗan ƙwadago tun guminsa bai bushe ba, sannan ya mayar da kuɗin toshiya wani ɓangare na jarinsa, tun da 'yan siyasa ne ke biya masa ma'aikata. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Shi kansa yana karɓar nasa ambulan ɗin, sai dai nasa babba ne, sunansa talla ko kwangila ko muƙami. Tun asali ma yawancin jaridunmu ba don ribar sayarwa aka kafa su ba: Azikiwe ya kafa West African Pilot a 1937, Awolowo ya kafa Tribune a 1949, Abiola ya kafa Concord a 1980, gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa Triumph a Kano a wannan shekarar, kowa da manufar siyasarsa.

An taɓa gwada wata hanya. Dele Olojede, ɗan Nijeriyar da ya ci babbar kyautar aikin jarida ta Pulitzer a 2005, ya dawo gida ya kafa jaridar NEXT, ya biya albashi mai kyau, ya haramta karɓar ambulan. Jaridar ta tono manyan badaƙaloli, musamman a harkar man fetur. Sai manyan masu ba da talla suka janye jiki, a 2011 ta daina fita. Wannan ya nuna mana cewa gaskiya ma tana bukatar mai ɗaukar nauyinta, kuma idan jama'a ba su ɗauka ba, to babu mai ɗauka.

Duk da haka, shin yunwa ta halatta abin? Malaman fiƙihu sun ce larura tana halatta abin da aka hana, amma sun ƙara da cewa ana auna ta gwargwadonta. Wanda yunwa ta kai shi ga cin mushe, zai ci abin da zai tsayar da ransa ne, ba zai yi kilishi ya kai kasuwa ba. Kuma larurar mutum ba ta ba shi damar sayar da abin da ba nasa ba, labari kuwa haƙƙin jama'a ne. Ga shi kuma tarihin aikin ya nuna an sami waɗanda suka jure abin da ya fi yunwa. An aske wa Minere Amakiri kai da tsiya aka yi masa bulala a Fatakwal a 1973 saboda labarin da ya rubuta kan koken malaman makaranta. An ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor a ƙarƙashin Doka ta 4 a 1984. An kashe Dele Giwa da bam a cikin ƙunshin saƙo ranar 19 ga Oktoba, 1986. Bagauda Kaltho ya ɓace a 1996 bai dawo ba. Ba za a ce kowa sai ya zama su ba, amma rayuwarsu ta rushe maganar cewa babu yadda za a yi.

Saboda haka, a nawa ganin, yunwa tana rage nauyin laifi amma ba ta mayar da shi kyauta. Kuma masu karɓa ba ɗaya suke ba. Akwai wanda ya karɓi kuɗin motar da zai mayar da shi gida, ya je ya rubuta abin da ya gani duka. Wannan yana bakin rami, Allah Ya kiyaye shi. Akwai wanda ya karɓa ya yi shiru. Wannan ya ci amana. Akwai kuma wanda yake tono laifin mutum ya je ya ce a biya shi ko ya buga. Wannan ɗan fashi ne da alƙalami. Ma'aunin da zai raba su mai sauƙi ne: za ka iya rubutawa a ƙarshen labarinka cewa wanda labarin ya shafa ya ba ka naira kaza? Idan za ka ji kunyar mai karatu ya sani, to zuciyarka ta riga ta yanke hukunci.

MU FA, MARUBUTA?

Wanzami ba ya son jarfa, amma dole maganar ta zo kanmu. Mu ma muna da namu ambulan ɗin, sunansa bikin ƙaddamar da littafi. Marubuci ya ci bashin maɗaba'a, ya gayyato mai girma wane ya sayi kwafi goma a kan kuɗin da ya fi na kwafi dubu. Babu laifi a nemi taimako, kuma kasuwar littafi ta yi sanyin da ba kowa zai iya tsayawa da ƙafarsa ba. Amma sai mu tambayi kanmu: littafi na gaba, zai iya taɓa irin halin mai girma wane? Sau nawa aka sauya ƙarshen labari, ko aka mayar da mugun ɗan siyasa ya zama mugun ɗan kasuwa, don kada babban mai ƙaddamarwa ya ga kamar da shi ake? Matashin da ke shirin fitar da littafinsa na farko ya sani tun yanzu, duk hannun da ya ɗauki nauyinsa yana da abin da zai so a yi shiru a kai. Gara ya nemi masu karatu dubu da za su ba shi ɗari-ɗari, da mutum ɗaya da zai ba shi dubu ɗari.

A nan ne mai karatu shi ma zai karɓi nasa kason. Lokacin da aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a watan Janairu na 1939, da Abubakar Imam a matsayin edita, kwabo ɗaya ake sayar da ita, kuma sunan yana gaya wa mai saye cewa abin da zai samu ya fi abin da ya biya. Amma dai sai ya biya kwabon. Yau muna son labari ya zo mana a waya kyauta, littafi a turo mana shi a WhatsApp kyauta, sannan mu zauna a majalisa muna zagin 'yan jarida da marubuta cewa an saye su. Wanda ba mu ciyar ba, wani zai ciyar da shi, kuma wanda ya ciyar shi za a yi wa aski.

Gyaran yana wuyan kowa gwargwadon ƙarfinsa. Mai gidan jarida ya biya albashi ko ya rufe shago. Ƙungiya ta tsaya wa ɗanta a kan haƙƙinsa da irin ƙarfin da za ta hukunta shi idan ya ci amana. Mai karatu ya sa hannu a aljihu. Mai alƙalami kuma, kafin duk waɗannan su gyaru, ya tuna cewa za a tambaye shi abin da ya rubuta, za a kuma tambaye shi abin da ya gani ya ƙi rubutawa. Allah Ya ba mu abin da za mu ci ta hanyar halal, Ya tsare mana alƙalumanmu, amin.